Darasi: Masassaƙan Duwatsun Kabari a Amurka ta Dā

A ƙasar Hausa idan an kai mamaci makwancinsa, an jera itace ko fasassun tukwane, an mayar da ƙasa, sai a yi addu'a a watse. Ba kasafai ake rubuta suna ba. Turawan Ingila da suka fara zama a gabar arewa maso gabashin Amurka daga shekarar 1620 al'adarsu daban ce. Su sukan kafa dutse a wajen kan mamaci, a rubuta sunansa da shekarunsa da ranar da ya mutu, a kuma yi masa ado da zane. Wannan darasi zai yi bayani ne a kan mutanen da suke sassaƙa waɗannan duwatsu: yadda yaro yake shiga sana'ar, abin da yake koya, da irin zaman da yake yi bayan an yaye shi.

Yankin da muke magana ana kiransa New England, wato Sabuwar Ingila, babban birninsa kuwa Boston, wanda aka kafa a 1630. Mafi yawan mazaunansa na farko 'yan Furitan ne, wasu Kiristoci masu tsananin ra'ayi da suka ɓata da cocin Ingila. Ba sa yarda a sa hoto ko gunki a ɗakin ibada. Amma da aka zo maƙabarta sai suka sassauta, har ta zama kusan nan ne kaɗai talaka zai je ya ga zane a fili. Da farko da katako ko da dutsen da aka tsinta a gona ake yin alamar kabari. Sai bayan 1650 aka fara samun ƙwararru a kewayen Boston. Na farkonsu har yau ba a san sunansa ba. Masu bincike suna ce masa Tsohon Masassaƙi kawai, suna gane aikinsa ta hannunsa a tsofaffin maƙabartu irin su Copp's Hill, wadda aka buɗe a 1659, da Granary ta 1660.

Takardar koyo

Tsarin koyon sana'a daga Ingila suka taho da shi. Can akwai dokar 1563 da ta ce ba mai buɗe shago sai ya yi aƙalla shekara 7 a ƙarƙashin ubangida. A Amurka ba a bi dokar sau da ƙafa ba, domin ƙasa ce mai faɗi da ƙarancin ma'aikata, amma tsarin ya zauna. Uba zai kai ɗansa yana da shekara 12 zuwa 14, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, galibi a kan yaron zai zauna har ya cika shekara 21. A asalin al'adar, sau biyu ake rubuta yarjejeniyar a takarda guda, sannan a yanka tsakiya a karkace, kowane ɓangare ya riƙe rabi. Ran da rigima ta tashi sai a haɗa bakin takardun a gani ko sun dace.

Abin da ke cikin takardar kusan iri ɗaya ne ko wace sana'a ce. Ubangida ya ɗauki ci da sha da sutura da wurin kwana, da jinya idan ciwo ya zo, ya kuma yi alkawarin koya wa yaro sana'ar ba tare da ɓoye masa komai ba. Shi kuma yaro ba aure, ba caca, ba zuwa gidan giya, ba fita da dare sai da izini, ba tona asirin shago. Ba shi da albashi. Ranar yaye akan ba shi tufafi kala biyu, na aiki da na zuwa coci, wani lokaci a haɗa masa da 'yan kayan aiki. Yaro ya tashi daga gidan ubansa ke nan ya koma ɗan gidan wani, kuma ba aikin shago kaɗai zai yi ba: faskare, ɗiban ruwa, kula da dabbobi, duk nasa ne.

Ba kowa ke iya jurewa ba. Benjamin Franklin, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen ƙasar Amurka, yana da shekara 12 aka ɗaure shi da irin wannan takarda a shagon ɗab'in yayansa a Boston. Yana da 17 ya tsere. Jaridun zamanin cike suke da cigiyar yaran shago da suka gudu, ana faɗin kamanninsu da tufafin da ke jikinsu, da tukwicin wanda ya kamo su.

Akwai sharaɗi ɗaya da ya fi shafar darasinmu. A 1642 hukumar Massachusetts ta yi doka cewa dole iyaye da iyayen gida su tabbatar yaran da ke hannunsu sun iya karatu. Saboda haka takardun koyo da yawa sun ƙunshi karatu da rubutu da lissafi. Ga maƙeri ko baduku wannan ƙari ne. Ga masassaƙin dutsen kabari kuwa shi ne jari, domin abin da yake sayarwa haruffa ne.

Sai dai a sani, da yawa daga cikin masassaƙan ba su taɓa sa hannu a wata takarda ba, gadon sana'ar suka yi. Joseph Lamson na Charlestown, wanda ya rayu daga 1658 zuwa 1722, shi ya koya wa 'ya'yansa Nathaniel da Caleb, su ma suka koya wa nasu, har shagon ya kai tsatso huɗu. Akwai duwatsun da aka samu da haruffan farko na sunayen 'ya'yan nan biyu tun suna samari a shagon ubansu. Da gani ka san ɗan koyo ne hannunsa ya fara faɗawa, yana so a san shi ya yi.

Daga ramin dutse zuwa harafi

Yaron shago ba ya taɓa rubutu a shekarunsa na farko. Daga ramin dutse ake farawa. Kowane yanki da irin dutsensa, kuma dutsen ne ke yi wa masassaƙi iyaka. A kewayen Boston akwai silet, dutse mai launin toka ko shuɗi-shuɗi wanda ke rabuwa falle-falle, irin wanda a dā ake yin allon 'yan makarantar boko da shi. Yana da laushin sassaƙa, yana karɓar siririn layi, kuma ruwan sama bai cika cinsa ba. A kwarin kogin Connecticut jan dutse ne mai yashi-yashi, wanda ake haƙowa a wurin da yanzu ake kira Portland. Shi ba ya son ƙananan zane, sai manya masu zurfi. Daga baya, wajen 1785, aka buɗe ramin farin dutsen mabul a Dorset ta jihar Vermont.

A rami ana bin jijiyar dutse ne, a kafa weji a jere, a riƙa bugunsu ɗaya bayan ɗaya har falle ya ɓalle. Wanda ya yi gaggawa ya fasa dutsen, wahalar yini ta tafi a banza. Ɗauko shi ma aiki ne. Hanyoyin lokacin taɓo ne da damina, shi ya sa aka fi son jan dutse da hunturu, a ɗora a kan katako shanu su ja bisa ƙanƙara. Inda akwai ruwa kuwa sai jirgi.

Idan dutse ya iso shago sai a miƙa wa yaro ya goge. Zai zuba ruwa da yashi, ya riƙa dirzawa da wani dutsen har fuskar ta yi sumul. Aiki ne mai cin rai, ba kuma wanda zai yaba maka. Daga nan ya koyi wasa kurfi, domin kurfi mai dakushi ba ya yanka dutse, ɓarke shi yake yi. Kayan aikin duka ba su da yawa: gudumar itace, kurfi manya da ƙanana, rula, da kamfas na zana da'ira. Duk za su shiga jaka guda.

Sai a zo fitar da siffa. Dutsen wancan zamani yakan yi kama da allon kan gado, babban baka a tsakiya da ƙananan kafaɗu biyu a gefe. Akan yi su biyu, babba a wajen kai, ƙarami a wajen ƙafa. Ƙasan dutsen da za a binne ba a gyara shi, kuma nan ne allon ɗan koyo. Masu gyaran tsofaffin maƙabartu idan suka tono dutsen da ya karkace sukan tarar da haruffa a warwatse a gindinsa, ko rabin fure, wani lokaci har da farashi. Ubangida ya san ƙasa za ta rufe wurin, sai ya bar yaro ya gwada hannunsa.

Bayan gindi sai gefe. Yaro zai fara da adon da ke zagaye dutsen, ganye da 'ya'yan itace da murɗaɗɗen layi, abin da ake maimaitawa har hannu ya saba. Zanen sama na ubangida ne. A farkon zamani abin da aka fi yi shi ne ƙoƙon kan mutum da fikafikai, haƙora a jere, idanu rami biyu, wani lokaci da ƙasusuwa a gicciye ko kwalbar yashi ta auna lokaci. Joseph Lamson har wasu 'yan ƙananan halittu yake zanawa suna ɗauke da akwatin gawa. Nufinsu mai wucewa ya tuna shi ma yana tafe.

Rubutu shi ne ƙarshen koyo, kuma a nan ake gane gwani. Da farko a ja layuka sirara da rula don haruffa su zauna daidai. A kan silet mai kyau har yau ana ganin waɗannan layuka idan rana ta bugo daga gefe. Sannan a zana haruffan, a auna tazararsu. Kowane harafi ana yanka shi ta gefe biyu, yankan ya haɗu a ƙasa kamar kwari, don inuwa ta faɗa ciki a iya karantawa daga nesa. Kurfi na hannun hagu, guduma na dama, bugu ƙanana-ƙanana, ana tafiya kaɗan-kaɗan.

Mai rubutu a takarda idan ya yi kuskure sai ya goge. A dutse babu wannan. Tsofaffin maƙabartun New England cike suke da kurakuran da suka haura shekara 300 suna kallon jama'a. Wani ya manta harafi sai ya maƙala shi ƙarami a saman kalma. Wani bai auna layi ba, wuri ya ƙare masa, sai ya matse haruffan ƙarshe ko ya karya sunan mutum gida biyu. Wani ya juya harafin N ya ba shi baya. Idan kuskuren ya yi muni, sai a fafe wurin a sake rubutu a cikin ramin, tabon kuma ya zauna. Dutse ya yi tsadar da ba za a yar da shi saboda harafi ɗaya ba. A wasu duwatsun ƙauye za ka ga zane mai kyau amma rubutu a hargitse, alamar mai hannun ya fi sanin kurfi a kan alƙalami.

Har kwanan wata sai da lura. Kafin 1752, Ingila da ƙasashen da take mulka ranar 25 ga Maris suke fara sabuwar shekara a hukumance, alhali mutane da yawa sun riga sun ɗauki 1 ga Janairu. Saboda haka wanda ya mutu a Fabrairu sai a rubuta masa shekara biyu a haɗe, kamar 1721/2. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka masassaƙin ne ya rikice.

Sana'a goma

Ranar da aka yaye yaro, matsalarsa ta farko ita ce kasuwa. Ƙaramin gari ba ya samar da mamatan da za su ciyar da masassaƙi shekara guda, kuma ba kowane gida ke da halin sayen dutse ba. Ban da 'yan manyan shagunan Boston da Charlestown da Newport, kusan kowane masassaƙi yana da wata sana'ar: noma, gini, ƙira, ɗinkin takalma. Sana'a goma maganin mai gasa.

Mun san wannan dalla-dalla saboda wani mutumin New London mai suna Joshua Hempstead, wanda ya riƙa rubuta abin da ya yi kullum daga 1711 har shekarar da ya mutu, 1758. Manomi ne, kafinta ne, yana aikin jirgin ruwa, yana awon filaye, yana shari'ar ƙananan ƙararraki, yana haɗa akwatin gawa. A tsakanin waɗannan yake zama ya yanka haruffa a dutse. Shi bai cika yin zanen ba. Yakan sayi duwatsun da wasu suka riga suka yi wa ado aka bar tsakiyarsu fili, idan an yi rasuwa ya cike suna da kwanan wata. Ashe tun wancan lokaci an raba aikin: mai haƙa daban, mai zane daban, mai rubutu daban. Sau da yawa ma da yawan haruffa ake lissafin kuɗin rubutu, don haka dogon yabo a kan dutse alamar gidan masu hali ce.

Wasu kuma da girma suka shigo. John Hartshorne na Haverhill ya kai wajen shekara 50 kafin ya fara sassaƙa, ya kuma ci gaba har tsufa bayan ya koma Connecticut. Masu cewa sun wuce koyo sai su dubi wannan.

Biyan kuɗi ba ya zuwa da wuri. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci a ƙasar, ana iya biyan mutum da hatsi ko itacen wuta ko yinin aiki. Galibi kuma sai an zo rabon gado ake fitar da kuɗin dutse, abin da kan ɗauki shekara ko fiye. Shi ya sa shekarar da ke jikin dutse ba lallai ita ce shekarar da aka sassaƙa shi ba. Wani abin kuma, dutsen ba shi ne babban kashe kuɗin jana'iza ba. Masu hali sukan raba wa mahalarta safar hannu da zobba, a sha giya, har sai da majalisar Massachusetts ta yi dokar rage wannan almubazzaranci a ƙarni na 18.

Lokacin da aiki ke yi wa masassaƙi yawa lokacin baƙin ciki ne. A 1721 agana ta kashe mutum 844 a Boston, garin da mutanensa ba su wuce 11,000 ba. Daga 1735 wata cutar maƙogwaro ta bi ƙauyukan New England tana ɗauke yara, gida guda a rasa uku ko huɗu cikin 'yan makonni. Akan yi wa irin waɗannan dutse ɗaya mai faɗi, kowane yaro da ɗan bakansa a sama. Manyan shaguna kuwa har safara suke yi. Jiragen ruwa sun kai duwatsun Boston har Charleston ta Karolina ta Kudu, suna nan a harabar tsofaffin coci-cocin birnin.

Ɗan koyon da ba a yaye shi

A 1705 wani magini daga Ingila, John Stevens, ya buɗe shago a Newport ta Rhode Island. Aikinsa gina murhu da bututun hayaƙi da harsashin gida, sassaƙar dutsen kabari kuma ƙari. 'Ya'yansa John da William suka gaje shi, suka fi shi gwaninta.

Newport ta wancan ƙarni da cinikin bayi ta yi arziki. Jiragen Rhode Island sun kwashi mutum fiye da 100,000 daga Afirka, da yawansu daga gabar da yanzu take ƙasar Gana, ana musayar su da barasa. Waɗanda aka kawo Newport an sa su sana'o'i iri-iri, har da shagunan gidan Stevens. Bawa yana yin duk abin da ɗan koyo yake yi, ya goge dutse, ya wasa kurfi, ya koyi harafi. Bambancin shi ne ba shi da takarda, ba ranar yaye, kuma duk abin da hannunsa ya samo na ubangida ne.

A gefen arewa na babbar maƙabartar Newport akwai sashen da aka binne baƙaƙen fata, ana kiransa God's Little Acre. A nan akwai dutsen wani mai suna Cuffe Gibbs, wanda ya mutu a watan Disamba na 1768. Sunan Cuffe shi ne Kofi na mutanen Akan, wanda ake sa wa namijin da aka haifa ranar Juma'a. Rubutun da ke jikin dutsen ya faɗi ƙarara cewa Pompe Stevens ne ya sassaƙa shi don tunawa da ɗan'uwansa. Pompe bawa ne a shagon William Stevens. A zamanin da mafi yawan Turawan masassaƙa ba sa sa sunansu a aikinsu, shi ya sa nasa cikakke a fuskar dutse, ya kuma shaida wa duniya cewa mamacin nan yana da dangi. Ana lissafa dutsen cikin ayyukan hannu mafi daɗewa a Amurka da wani baƙar fata ya sa wa sunansa. Hannun da ya yi wannan ba na sabon shiga ba ne, don haka akwai kyakkyawan zato cewa wasu duwatsun Turawan Newport da ake jingina wa ubangidansa sun bi ta hannunsa. Sai a 1784 Rhode Island ta yi dokar 'yanta bayi sannu a hankali.

Yadda aka gano su, da yadda sana'ar ta juya

Da yake masassaƙan ba sa sa suna, an daɗe ana zaton daga Ingila aka riƙa kawo duwatsun a sassaƙe. Wata mata, Harriette Merrifield Forbes, ita ta warware wannan. Ta bi maƙabartu tana ɗaukar hoto, sannan ta shiga kotuna tana karanta tsofaffin takardun rabon gado. Inda ta ga an rubuta an biya wane kuɗin dutsen kabarin wane, sai ta je ta nemo dutsen, ta lura da yadda mai shi yake yin gira ko fiffike ko lamba, ta bi wannan hannu zuwa sauran garuruwa. Littafinta ya fito a 1927.

A 1966 wasu masana biyu, James Deetz da Edwin Dethlefsen, suka nuna yadda zanen ya riƙa sauyawa: ƙoƙon kai ya ba fuskar mala'ika mai fikafikai wuri a tsakiyar ƙarni na 18, ita kuma ta ba zanen tulu da bishiya mai rassa a sunkuye wuri wajen ƙarshensa. Sun danganta abin da sauyin aƙidar mutane game da mutuwa. Akwai gaskiya a ciki, amma kada a manta da shago. Yaro abin da ya ga ubangidansa yana yi shi yake yi, mai saye kuma abin da ya gani a kabarin maƙwabcinsa yake nema. Yayi ma yana da nasa ƙarfin.

Bayan 1800 farin mabul ya kori silet, aka samu injin yanka dutse da jirgin ƙasa, zane ya koma iri ɗaya daga littattafan samfuri. Masassaƙin ƙauye mai noma da damina ya ɓace. Mabul ɗin kuwa bai yi ƙarko ba: ruwan sama ya cinye rubutun da yawansu, alhali silet na 1690 ana karanta shi tsaf. Shagon John Stevens yana nan a Newport har yanzu. Iyalin Benson suka karɓe shi a 1927, kuma da guduma da kurfi suke yanka haruffa.

Aiki

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya sami wani mai sana'ar hannu a unguwarsu, ko ya ɗauki kansa idan shi ma mai sana'a ne. A tambaye shi wa ya koya masa, shekara nawa ya yi, wane aiki aka fara ba shi, da abin da aka ba shi ranar yaye. A rubuto amsar a layi goma, a kuma duba kowane harafi kafin a kawo.